Yaya ake bambanta abin da dutse ya zuba wa ruwa da abin da mutane suka zuba masa?

Hadiza_Ɗaliba:
Assalamu alaikum. Ina nazarin ruwan ƙarƙashin ƙasa a yankunan dutsen farar ƙasa mai ramuka da kogwanni, wanda masana ke kira kast. Idan aka gwada ruwan wata maɓuɓɓuga aka tarar da sinadarai da yawa, ta yaya za a gane wanda dutsen ya bayar da wanda ya fito daga gona ko masai? Kuma gaskiya ne cewa ruwan irin waɗannan wurare ya fi saurin gurɓata duk da yake garau yake fitowa?

Malam Bello:
Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Ki fara da abin da dutsen zai iya bayarwa, domin ba shi da yawa. Ruwan sama yana ɗaukar iskar kabon dayoksaid, amma mafi yawanta a cikin turɓaya yake samunta, inda numfashin saiwoyi da ruɓewar ganyaye suke sa ta ninka ta sararin sama sau goma har zuwa ɗari. Wannan iska ce take mayar da ruwan asid mai rauni, shi kuma ya narkar da farar ƙasa, sai ki ga kalsiyam da bayikabonet sun mamaye sakamakon gwaji. Idan akwai dutsen da ake kira dolomait, maganisiyam zai ƙaru, idan kuma akwai wanda ake kira jifsam, sinadarin salfet zai bayyana. Shi ya sa sabulu ba ya kumfa sosai da irin wannan ruwa, buta kuma take yin farin ɓawo, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake nuna ƙazanta.

Naitiret, wato sinadarin naitirojin da ake samu daga taki da bayan gida, idan ya yi yawa kuwa ba daga dutsen yake ba. A jihar Fulorida ta Amurka, maɓuɓɓugar Silver Springs tana da naitiret kaɗan ƙwarai a da, amma takin zamani da ramukan masai na gidaje sun kai shi sama da miligiram 1 a kowace lita, alhali iyakar da jihar ta sa wa maɓuɓɓugai ita ce 0.35. Mutum zai sha wannan ruwan lafiya, amma gansakuka ta riga ta lulluɓe ciyawar da ke ƙasan ruwan. Ki lura cewa waɗannan alƙaluma na naitirojin ɗin da ke cikin naitiret ne, don haka kada ki jera su kai tsaye da miligiram 50 a kowace lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a matsayin iyaka ga ruwan sha, wanda ake aunawa da naitiret ɗin gaba ɗaya.

Injiniya Saratu:
Malam Bello ya yi bayani mai kyau, sai dai rabon bai cika zama a fili haka ba. Salfet misali ne: a lardin Guizhou na ƙasar Sin, ƙona kwal mai yawan farar wuta ya haifar da ruwan sama mai asid, wanda shi ma yake narkar da dutsen. A can za ki ga kalsiyam ya ƙaru tare da salfet, kalsiyam ɗin daga dutse yake, amma hannun mutum ne ya fito da shi. Haka kulorayid, sinadarin da ke cikin gishiri, a yankin Yukatan na Meziko, inda ruwan daɗi yake kwance a kan ruwan gishiri: yana iya zama daga teku saboda an zuƙi ruwa fiye da ƙima, yana kuma iya zama daga masai. Dole a duba abin da ya zo tare da shi, kamar naitiret da ƙwayoyin cuta na bayan gida.

Game da tambayarki ta biyu, 'yar'uwa, gaskiya ne, kuma dalilin shi ne sauri. A cikin yashi ruwa yana rarrafe, yana tacewa, amma a cikin kast yana bin hanyoyi buɗaɗɗu. A shekarar 1877 an zuba rini a inda kogin Danub yake nutsewa kusa da Immendingen a Jamus, sai ya ɓulla a maɓuɓɓugar Aachtopf, mai nisan kilomita 12, bayan kimanin awa 60. Ƙwayar cuta ba ta mutuwa cikin wannan ɗan lokaci. A garin Walkerton na Kanada, a watan Mayun 2000, ruwan sama mai ƙarfi ya wanke kashin shanu zuwa wata rijiya da aka haƙa cikin tsattsagaggen dutsen farar ƙasa, ba a kuma sa kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, yadda ya kamata ba, mutum 7 suka rasu, kimanin 2,300 suka kwanta.

Hadiza_Ɗaliba:
Na gode ƙwarai, Malam da Injiniya. Ke nan gwaji guda ɗaya na lokacin rani ba zai wadatar ba?

Injiniya Saratu:
Ko kaɗan ba zai wadatar ba, kuma a ganina nan ne rahotanni da yawa suke yin rauni. Ki ɗebi samfur kafin ruwan sama, sannan ki riƙa ɗiba a kai a kai cikin kwanakin da suka biyo bayan ruwa mai ƙarfi. Idan kalsiyam ya sauka saboda sabon ruwa ya tsarma tsohon, amma laka da naitiret da ƙwayoyin cuta suka hau a lokaci guda, to maɓuɓɓugar tana da hanya kai tsaye zuwa doron ƙasa, sai ki nemi ramukan da ruwa yake nutsewa a cikinsu ki ga abin da ake zubarwa a wurin. Ki kuma auna zafin ruwan da ma'aunin asid a bakin maɓuɓɓugar, domin da zarar iskar kabon dayoksaid ta fice daga kwalba, sakamakon ɗakin gwaji ya canza.