Maharban Andrew: Musayar Baitoci

Ɗan Sarkin Baka: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ga baitoci a kan wani kamfanin maharba na sojan ƙasa na ɓangaren Arewa a yaƙin basasar Amurka tsakanin Arewa da Kudu, wanda aka kafa a jihar Massachusetts a 1861 yana cin gashin kansa, ba ya ƙarƙashin kowace rejimanti.

A Lynnfield aka tattara gwanayen maharba,
Sunan Gwamna Andrew aka laƙaba musu, suka karɓa,
Ba su da rejimanti tasu, ba uwa ba uba,
Duk rundunar da ta nema, can ake turawa.

Bindigarsu tana da nauyi, madubi na bisa kanta,
Sai an ɗora ta a reshe ko dutse kafin a saita ta,
Maharbi ya laɓe tun asuba, numfashinsa ya taƙaita,
Harsashi guda yake saki, ba ya buƙatar maimaitawa.

Malama Mai Alƙalami: Malam, ka yabi bindiga, amma ka tsallake ranar da ta fi ciwo, wato 17 ga Satumba, 1862, a fagen yaƙin Antietam a jihar Maryland.

An haɗe su da rejimanti ta 15 ta Massachusetts, aka jera su a layi,
Janar Sedgwick, jagoran rundunarsu, ya kutsa Dajin Yamma, bai duba abin da hagu ke yi,
Wuta ta ɓullo ta gefe da baya, gwiwoyi suka yi sanyi,
Cikin kamar minti 20, mutum kusan 2,000 suka yi ta faɗuwa.

Kyaftin ɗinsu John Saunders ya kwanta a nan, bai tashi ba,
Wanda aikinsa laɓewa ne, ran nan ba a bar shi ya laɓe ba,
In ka jera maharbi kamar dogari, Malam, ba ka cin riba,
Ina amfanin gwaninta in hayaƙi ya hana dubawa?

Tsohon Soja: Ƙanwata, na ji ki, sai dai soja ba ya zaɓen umarnin da zai bi, kuma kamfanin bai watse ba bayan wannan asara.

A Yulin 1863, a yaƙin Gettysburg, an bar su sun yi sana'a,
An warwatsa su nan da can, nesa da sauran jama'a,
Suna farautar maharban Kudu sa'a bayan sa'a,
Wanda ya leƙo ta taga ba ya sake leƙowa.

Ɗan Sarkin Baka: Baba, na karɓi gyara, amma har yanzu zuciyata tana Antietam.

Zakin dutse mai rauni yana nan a Dajin Yamma,
Na rejimanti ta 15 ne, ita ce mai gida, ita aka girmama,
Maharban aro ne a layinta, ga shi tare da ita suka sha fama,
Ko Malama za ta ce mana zakin har da su yake tunawa?