Haɓo ya tsaya amma jiri bai tafi ba, me za a ba shi?

Babbar Yaya:
Assalamu alaikum. Ƙanena ɗan shekara 19 ya yi haɓo sau uku a mako guda tun shigowar hunturu. Jinin ya tsaya, sai dai jiri da kasala. Wasu sun ce a haɗa masa malt da madara. Don Allah wane abinci ne ke mayar da jini?

Ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam, Yaya. Allah ya ba shi lafiya. Malt da madara ba sa ƙara jini, sukari ne ya fi yawa, kuma madara ma takan rage shigar sinadarin ƙarfe jiki. Ruwan jini kan dawo cikin kwana ɗaya ko biyu in ana shan ruwa sosai, amma jajayen ƙwayoyin jini sai sun ɗauki mako 4 zuwa 6, kuma da wannan sinadarin jiki ke ƙera su.

A ba shi hanta sau ɗaya a mako, jan nama ko kifi a sauran kwanaki. Wake, zogale da alayyahu ma suna da shi, amma na ganye ba ya shiga jiki da sauƙi sai an haɗa da lemo, gwaiba ko ɗanyen tumatir a zama ɗaya. Shayi kuwa a jinkirta shi awa biyu bayan cin abinci.

Mai kyamis:
Hajiya, kafin a sayi maganin ƙarin jini a fara awon jini. In himogulobin ɗinsa, wato sinadarin jajayen ƙwayoyin jini da ake aunawa, ya gaza 13, likita kan rubuta feros salfet, ƙwayar maganin sinadarin ƙarfe, a ci gaba da sha har wata uku bayan jinin ya daidaita. Bayan gida zai yi baƙi, kada a tsorata. Mai sikila kada ya sha sai da izinin likita. A guji asfirin, ibufurofen da diklofenak, suna hana jini daskarewa da wuri. Farasitamol ya wadatar.

Malamin asibiti:
Abinci ba zai cika tulun da ke yoyo ba. Iskar hunturu ke busar da cikin hanci har ya tsage, don haka a riƙa shafa ɗan Vaseline safe da dare. In haɓon ya sake ɓallewa, ya zauna ya ɗan sunkuya, ya matse taushin hancin minti 15 ba saki. Kada ya ɗaga kai, jinin zai bi maƙogwaro ya sa shi amai. In ya wuce minti 20, ko akwai zazzaɓi ko jinin dasashi, a tafi asibiti nan take, a auna har da hawan jini.