Me mai jego za ta sha bayan an yi mata aiki?

Bakatsine a Agege:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekaranjiya aka yi wa maiɗakina aiki aka ciro mana 'ya mace, alhamdulillahi suna lafiya, ana maganar sallama jibi. Abin sha ne ya ɗaure mini kai. Hajiyata ta iso daga gida da jar kanwa da kayan yaji, ta ce kunun kanwa ba fashi har arba'in. Maƙwabciyarmu Bayarabiya ta kawo agbo, jiƙon saiwoyi da ganyaye irin nasu, a gora wai na wanke ciki. Abokai sun ce malt da madarar gwangwani ne ke mayar da jini. Ita kuwa mai jegon ruwan sanyi take nema da shayinta na safe. An ba ta maganin ƙarin jini da Flagyl da na ciwo, kuma jininta ya ɗan hau, an ɗora ta a kan nifedipine. Don Allah masana, wanne za ta sha, wanne za ta bari?

Ungozoma, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam. Barka da arziki Malam, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya.

Bari in fara da ranar aikin, saboda masu karantawa da nasu bai zo ba tukuna. Idan allurar baya aka yi, wadda ke kashe rabin jiki, kuma aikin ya tafi lafiya, mace na iya fara kurɓar ruwa cikin 'yan awanni. Idan ta barci ce, sai ta farfaɗo sarai, tashin zuciya ya lafa. Ana farawa da kurɓa biyu ko uku, a jira kamar minti goma sha biyar, in bai dawo ba a ƙara. Daga nan ruwan ɗumi, sai koko mai ruwa-ruwa, sai abinci. Wasu asibitocin sukan jira sai sun ji motsin hanji ko ta fitar da iska, musamman in aikin ya yi tsawo ko an taɓa hanji. Don haka dangi kada su ba ta komai a ɓoye, a tambayi nas ɗin da ke ɗakin.

Yanzu da take kwana biyu, babban abin shanta ruwa ne mai tsafta. Mai shayarwa na bukatar kamar lita biyu da rabi zuwa uku a yini, har da kunu da shayi a lissafin. Ledar fiya wata rabin lita ce, ka ga leda biyar zuwa shida ke nan. Hanya mafi sauƙi: duk sanda za ta ba da nono a ajiye mata kofin ruwa a gefe. Fitsari ne zai nuna maka ko ya isa. In ya yi fari-fari ko ruwan ɗorawa mai haske, ya isa. In ya yi duhu yana wari, a ƙara. Ƙarancin ruwa na kawo taurin bayan gida, ga yunƙuri a kan sabon ɗinki, yana kuma cikin abubuwan da ke taimaka wa jini daskarewa a jijiyar ƙafa. Amma ɗura ruwa fiye da ƙishi ba ya ƙara nono, tsotson jaririya ne ke ƙara shi. Kuma tunda jininta ya hau, kafin sallama ka tambayi likita ko akwai iyakar ruwan da ya sa mata. Wadda ta yi jijjiga ko ƙodarta ta taɓu ana auna mata ruwa ne, wannan lissafin nawa bai shafe ta ba.

Ruwan sanyi ba ya daskarar da jinin biƙi, ba ya sa tumbi, ba ya hana ɗinki warkewa. In tana so ta sha. Abin dubawa shi ne daga ina ruwan ya fito. Na rijiya, na burtsatsen da ke kusa da masai, da na jarkar mai ruwa, a tafasa shi ya yi minti ɗaya cur yana ɓararraka, a huce a rufaffen mazubi. Ƙanƙarar da ake saye a hanya kada a jefa ta cikin abin sha, a sa gorar a kanta kawai.

Sai kanwa, kuma a nan nake roƙon ka tsaya da kyau. Kanwa gishiri ce, sinadarin sodiyam ne cike da ita, irin wanda ke riƙe ruwa a jiki ya ɗaga jini. Bayan haihuwa ruwan da jiki ya tara lokacin goyon ciki yana komawa cikin jijiyoyi, zuciya na fama da shi, shi ya sa hawan jini ya fi tsananta tsakanin kwana na uku da na shida. Daidai lokacin ne kuma ake fara dama kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka rubuta yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken da ya biyo baya ya nuna akwai wasu dalilan ban da kanwa, amma babu likitan da zai yarda mace mai shan maganin hawan jini ta riƙa shan gishiri kofi-kofi kullum. A wurin matarka, kanwa babu ita, ko kaɗan.

Lemon kwalba a bar shi aƙalla mako guda ko biyu. Hanji yakan yi sanyin aiki bayan tiyata, iskar lemon ta taru ta kumbura ciki, ciwon har kafaɗa yake kai wa. Shan abu da tsinken roba ma na sa haɗiyar iska.

Idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ba maganar abin sha ba ce kuma, asibiti za a koma a daren: numfashi na yi mata wuya ko ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai, tari da dare, ƙafafu ko fuska sun kumbura, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ciki ya kumbura tana amai ba ta fitar da iska, zazzaɓi, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi. Lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767.

Mai Kemis, Mile 12:

Barka Malam. Anti ungozoma ta gama magana a kan kanwa, ni zan taɓa inda abin sha ke karo da magungunan da ka lissafa.

Agbon nan a karɓa a yi godiya, amma kada ta sha. Wani da ruwa ake dafa shi, wani kuwa a barasar nan ogogoro ake jiƙa saiwoyin, kuma daga kallon gora ba ka ganewa. Ban da haramci, barasa da Flagyl ba sa haɗuwa: amai, bugun zuciya, jiri, fuska ta yi zafi. Ana kauce wa barasa har kwana biyu zuwa uku bayan gama maganin. Barasa na shiga nono kuma. Masu cewa bammi na kawo ruwan nono ba daidai suka faɗa ba, barasa rage saukar nonon take yi. Ko wanda babu barasa a ciki, galibin na “wanke ciki” gudawa suke sa wa, ba a san adadin abin da ke ciki ba, ga ƙoda tana fama da maganin ciwo. Haka magungunan ɗaci na kwalba da ake tallarsu a tasha.

Shayi ba a hana ta ba, lokaci za a gyara. Ganyen shayi na ɗauke da sinadarin da ke kama ƙarfen da ke cikin maganin ƙarin jini ya hana hanji tsotse shi, madara ma haka. Wadda aka yi wa aiki takan zubar da jinin da ya kai rabin lita zuwa lita guda, tana bukatar maganin ya shiga jiki. A bar awa biyu tsakanin shayi da ƙwayar. Ta haɗiye ta da ruwa ko ruwan lemon zaƙi da aka matse a gida, shi yana taimaka wa tsotsewar. Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba komai ba ne.

Yawan shayin kuma: ana so mai shayarwa kada ta wuce miligiram 200 zuwa 300 na sinadarin kafeyin a yini. Babban kofin shayi na da kamar 75, na neskafe kamar 100, ƙaramin gwangwanin lemon ƙara kuzari kamar 80. Kofi biyu na shayi marar kauri ya wadatar. A sa goro a lissafi, shi ma yana da shi. Jariri sabon haihuwa kan ɗauki kwanaki kafin jikinsa ya fitar da abin da babba ke fitarwa cikin awanni, shi ya sa yake taruwa ya hana shi barci ya sa shi kuka. Bakwaini ya fi haka. Lemon ƙara kuzari dai a bar shi gaba ɗaya ga mai hawan jini.

Malt da madara ba ya ƙara jini. Suga ne da ɗan kitse, ƙarfen da ke ciki bai taka kara ya karya ba. In tana sha'awa ta sha jefi-jefi bayan ciki ya daidaita, sai dai in ta yi ciwon suga lokacin goyon ciki. Kuɗin katan ɗin malt gara a sayi hanta da kifi da wake da alayyahu.

Da nifedipine, kada ta sha ruwan garehul, babban lemon nan mai ɗaci-ɗaci, yana sa maganin ya taru a jini har ta ji jiri. Zoɓo shi ma yana sauke jini, a jinkirta shi har an daidaita mata magani. In kuma an ba ta ciprofloxacin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, kada ta haɗa shi da madara ko nono ko yogot, a sha maganin awa biyu kafin su.

Maman Yara, Obalende:

Allah ya raya mana. Ɗana, kada ka je wa Hajiya da “an hana”. Ka tafi da ita ranar sallama, ka roƙi nas ta yi mata bayanin hawan jinin da bakinta. Sannan a bar mata aikin kunun a hannunta, kanwar kawai za a cire. Geron nan da citta da kanunfari, a dama shi da ruwan tsamiya, ya zama kunun tsamiya, yana kuma sassauta bayan gida. Yajin a rage, barkono da masoro mai yawa a kan maganin ciwo irin su diclofenac na tayar da gyambon ciki.

Kunun gyaɗa ya fi kowanne riƙe mai shayarwa. Gyaɗa gwangwanin madara biyu, a tsince ta sosai a zubar da duk wadda ta yi baƙi ko fumfuna ko ɗaci, don damshin Legas na saurin lalata ta kuma fumfunar na da guba ga hanta. A soya sama-sama, a murje, a niƙa, a tace da ruwa lita ɗaya da rabi. A tafasa minti goma sha biyar ana juyawa kada ya kama, a zuba gasarar shinkafa ko ta gero ludayi ɗaya, a ɗiga tsamiya, suga kaɗan. Na safe a sha da safe. Wanda ya wuni a fulas ya fara tsami a zubar, kada a ce asara.

Fura lafiya lau, amma da yogot na kamfani mai lambar NAFDAC, ko nonon da kuka tabbatar an tafasa madarar kafin ta kwana. Ɗanyen nono na iya ɗauko tarin fuka na shanu da zazzaɓin da ke daɗewa. Kunun aya da zoɓo da kunun zaƙi na gorar da aka tsinto aka sake cikawa, a bar su. Ko a kwalarar da ta ɓarke a Legas a 2024, jami'an lafiya na jiha sun ambaci wani kunun aya marar rajista cikin abin da suke zargi. In ana so, ban da zoɓon da aka ce a jinkirta, a yi a gida da tafasasshen ruwa, a shanye a ranar, kunun aya ba ya jure rashin wuta.

Bakatsine a Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura biyu: ana cewa ta sha hulba don nono, kuma Hajiya na son a ba jaririyar ruwan rubutu da ɗan zuma.

Ungozoma, Idi-Araba:

Hulba ba dole ba ce. A kwana biyu zuwa ukun farko dakashi ne ke fitowa, kaɗan ne amma ya ishi cikin jaririya, kada a matse shi a zubar. Bayan aiki nono kan ɗan yi jinkiri zuwa kwana na huɗu ko na biyar. A sa ta a nono sau takwas zuwa goma sha biyu a yini da dare, uwar ta kwanta a gefe ko ta riƙe ta ta ƙarƙashin hammata don kada ta danne ɗinkin. Hulba na sa wasu gudawa da kumburin ciki, tana kuma sauke suga, don haka a bari sai an ga likita a dawowar farko.

Rubutun a wanke shi da tafasasshen ruwa uwar ta sha, ita jaririyar a yi mata addu'a a shafa. Ba a ba ta ruwa ko wani jiƙo har wata shida, nono kaɗai. Zuma kuwa uwa na iya sha a shayinta, amma jariri ba ya lasar ta sai ya cika shekara, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jarirai har numfashi ya gagara.

Idan uwar ta yi gudawa ko amai, a narka ledar ORS ɗaya a lita guda na tafasasshen ruwa tana kurɓa, abin da ya kai awa 24 a zubar, a kuma sanar da asibiti a ranar tunda tana kan maganin hawan jini. Ku nemi a auna jininta cikin kwana uku da komawa gida, ko a asibitin ko a kemis mafi kusa da ku.