Sharar nukiliya a St. Louis: wai su ma talakawa ne?

Nura: Jama'a raina ya ɓaci wallahi, na turo muku dokumentari kan sharar nukiliya a unguwannin St. Louis ba wanda ya tanka, da hoton biki ne da tuni kun cika wurin. A 1942 kamfanin Mallinckrodt ya fara tace yuraniyam ɗin bam na Amurka, aka jibge sharar kusa da filin jirgi, ruwan sama ya riƙa wanke ta cikin rafin Coldwater inda yara ke wasa. A 1973 aka zuba wata a jujin West Lake, ga wuta na cin ƙarƙashin jujin da ke maƙwabtaka da shi tun 2010. Iyaye mata suka tashi, masu kyamara na bin su taro-taro. An cuci talakawa!

Malam Sabo: Talakawa? Nura ka ga gidajen kuwa, ciyawa a ƙofar gida, mota a gareji?

Nura: Malam, wanda gidansa bai sayuwa balle ya gudu ai talaka ne.

Maryam: Talaka shi ne wanda ba a jin muryarsa, Malam. Tun 1990 EPA, hukumar kare muhalli ta Amurka, ta sa West Lake a jerin wuraren da za a tsaftace, sai 2018 ta yanke a tono wani ɓangare.

Malam Sabo: Ai an ji su ƴata, tunda har fim aka yi musu. Talakan gaske na Kwango, waɗanda suka haƙo yuraniyam ɗin a Shinkolobwe.

Bash: Malam kai dai in an ce Amurka sai ka hau sama, kuma wayar hannunka iPhone ce 😂

Malam Sabo: Yaro kiyaye harshenka, ni ba sa'anka ba ne.

Bash: Allah ya ba da haƙuri, amma ka kalli fim ɗin?

Malam Sabo: Tallarsa na gani, ta ishe ni.

Nura: Shikenan an bar maganar cutar kansa an koma waya.

Admin Habibu: To a tsaya nan. Abin da na fahimta, mafi yawa sun yarda da Malam cewa mutanen nan ba talakawa ba ne, Maryam ta kawo shekaru amma ba su taɓa batun ba. Bash ka goge maganar iPhone kafin magariba ko in cire ka.