Baƙona ɗan Mongoliya zai kwana a Hohhot, yaya zan yi da otal?

Ɗan Kwari: Salamu alaikum. Abokin cinikina zai taso daga Ulaanbaatar, babban birnin Mongoliya, ya shigo Sin ta garin iyaka na Erlian, ya kwana biyu a Hohhot, babban birnin yankin Mongoliya ta Ciki da ke Sin, kafin ya sauko Guangzhou. An ce wasu otal-otal na korar 'yan Mongol. In biya masa ɗaki tun yanzu, ko ya nema da kansa in ya iso?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Fasfo gare shi ko katin ɗan ƙasa? Ɗan Mongol na Mongoliya ta Ciki ɗan Sin ne, amma an rubuta ƙabilarsa a jikin katinsa, mai kanta na gani. Mai fasfon ƙasar Mongoliya kuwa baƙo ne, yana shiga ba biza har kwana 30. Nasa cikas ɗin rajista ne: dole otal ya tura bayanansa ga 'yan sanda, yaron kanta bai iya ba, sai ya ce ba ɗaki. A Mayun 2024 hukumomin Sin sun hana otal-otal ƙin baƙi da hujjar rashin lasisin karɓar 'yan ƙasar waje.

Maman Hanifa: A takarda ke nan, Malam. Ka kama ɗaki ta Trip.com, shafin kama otal a intanet, ka duba ko an rubuta suna karɓar 'yan ƙasar waje, ka sa mai jin Sinanci ya kira su. Rubuta suna yadda yake a fasfo, don 'yan Mongoliya sunan uba suke sawa a gaba, in aka juya sai a ce ba shi ba ne. In sun ƙi shi, kada ya bar gaban kanta, ya kira 110, lambar 'yan sanda, ko 12345, layin koken jama'a na gwamnati. Yuan 150 ya isa kuɗin ɗaki, da ajiyar 100.

Sarkin Kwantena: 150? Wannan ɗakin ai warin taba ne da tawul mai danshi, ruwan zafi sai an yi sa'a. Ƙasa da 300 kada ka soma, Alhaji.

Bala Direba: Ya taho da tantinsa na makiyaya ya kafa a ƙofar otal mana 😂

Baban Xiaobei: Ku yi ta dariya. Afrilun 2020 a Guangzhou an fitar da 'yan Afirka daga otal da gidajen haya saboda korona, mutane da biza, da kuɗinsu a aljihu, suka kwana a bakin titi. Sai da kakakin majalisar wakilai na lokacin, Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin a Abuja. Wace lamba ce ta cece su?

Maman Hanifa: Baba, Hohhot ake tambaya.

Baban Xiaobei: Wanda bai taɓa sauke kwantena ba, ya bar ba da shawara.

Sarkin Kwantena: Ni tambayata, har yanzu ana tare mutane neman fasfo a Xiaobei, unguwar 'yan Afirka a Guangzhou, da daddare?