Wace kalma za mu ba gajeriyar wayar cajin da ake ɗaure wa batirin mota?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ina neman sunan Hausa ga abin da Turawa ke kira pigtail, wasu su ce quick connector. Gajeriyar waya ce, tsawonta kamar rabin mita. Gefe ɗaya a ɗaure yake a kan batir dindindin, ɗaya gefen kuma an fito da shi inda hannu zai kai, an rufe shi da murfin roba. Idan za a yi caji sai a jona caja kawai, ba sai an ɗaga kujerar babur ko an tono batir daga ƙarƙashin kujerar mota ba. Kalmar "mahaɗi" ce ta fara zo mini, amma ba ta kwanta mini ba.

Mai Wayarin: Wa alaikumus salam, Malam. A gareji konekta ake cewa, sai dai komai konekta ne a bakinmu, daga na fitila har na kwamfutar mota, don haka ba ta bambance komai ba. Kafin a raɗa suna gara a san abin. Sassa huɗu ne: zobba biyu na ƙarfe, waya ja da baƙa, gidan fiyus, sai bakin da ake jonawa. Zoben shi ake zura wa ƙarƙashin notin kan batir. Mai ramin milimita 6 shi ke hawa yawancin babura da ƙananan motoci, wato notin da sifana lamba 10 ke kwancewa. Akwai na 8 da na 10 don manyan batura. Idan zobe ya yi wa noti girma ba ya kamawa sosai, wurin ya riƙa ɗaukar zafi, caji ya riƙa yankewa.

Fiyus a kan jar waya yake zama, kuma kusa da batir, kada ya wuce taƙi ɗaya. Dalili shi ne duk wayar da ke tsakanin batir da fiyus ba ta da mai kare ta. Ranar da ta gogu da ƙarfen mota har robarta ta yage, batir zai sako ɗaruruwan amfiya cikin siririyar waya, ta yi ja kamar garwashi. Fiyus mai amfiya 7.5 ko 10 ya isa ƙaramar caja. Mai 30 kuwa a kan irin wannan waya ado ne, wayar na iya riga shi ƙonewa.

Malamin Hausa: Madalla da wannan bayani. "Mahaɗi" ta yi faɗi, kuma kunnen Bahaushe na iya kai ta wajen abinci ko magani. Na yi tunanin "cibiya", tunda ta igiyar cibiya ake ciyar da abin da ke ciki daga waje, amma yanzu da an ce cibiya sai mutum ya tuno cibiyar bincike ko ta lafiya. Fassara kalmar Turancin kai tsaye kuwa za ta ba mu wutsiyar alade, wadda babu mai son ta a motarsa. Amma siffar da suka gani gaskiya ce: abu ne da tushensa ke manne, ƙarshensa na reto. Wannan jela ce. Ina ba da shawarar "jelar caji". Ku gwada ta a baki: "a sa wa batirin nan jela", "jona a jela", "fiyus ɗin jelar ya ƙone". Ba ta tsaya a maƙogwaro ba.

Mai Fassara: Ta yi daɗin faɗi, Allah ya gafarta Malam. Amma ai mutane sun saba da "bakin caji" a wayar hannu. Me zai hana mu ari wannan?

Malamin Hausa: Mu are ta, amma ga ƙarshen kaɗai. Jela ita ce wayar gaba ɗayanta, baki shi ne inda caja ke shiga. Wanda aka huda jikin mota aka dasa shi kamar soket, shi ma bakin caji ne, jelarsa tana ɓoye a baya.

Injiniya: Na yarda da jela, da sharaɗi ɗaya: kada sunan ya haɗiye wani abin da ba shi ba. Akwai motocin da batirinsu ke cikin but, kamar yawancin BMW, waɗanda aka fito musu da kan ƙarfe mai jan murfi a ƙarƙashin bonet. Wannan ma wurin jona wuta ne daga waje, amma aikinsa daban. Ana iya tayar da mota ta nan, domin kebur ɗin da ke bayansa mai kauri ne, kamar ɗan yatsa. Kik ɗin ƙaramar mota yana jan amfiya 150 zuwa 300 a lokacin tayarwa, wani ma ya fi haka. Wayar jela kuwa kaurinta bai wuce murabba'in milimita 1 zuwa 1.5 ba. Idan muka kira su da suna ɗaya, wata rana yaron shago zai jona batirin aro a jela ya murɗa makulli. In an yi sa'a fiyus ne zai tafi. In wani ya riga ya cire fiyus ya naɗa zaren waya a gurbinsa, to hayaƙi ne zai tashi.

Malamin Hausa: Wannan hujja ce mai ƙarfi, Injiniya. Wancan tsayayye ne, kafaffe, mai ɗaukar nauyi. Mu ce masa "turke", turken tayarwa. Jela ta caji, turke na tayarwa, sunan kaɗai ya gaya maka ƙarfin kowanne.

Mai Wayarin: Turke ta yi kyau a rubuce, amma ina shakkar ta shiga gareji. Mu "kan batir" muka sani, don haka "kan batir na waje" za a fi saurin ganewa. A rubuta duka biyun, a bar baki ya zaɓa.

Ga yadda ake ɗaura jelar, tunda mai fassara zai buƙaci kalmomin. A kashe mota, a zare makulli, a cire fiyus daga gidansa a ajiye. Idan za a cire kan batir, baƙin ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe, saboda jikin mota gaba ɗaya a haɗe yake da shi. Muddin yana ɗaure, sifanar da ke kan jan kai ta taɓa ƙarfen mota sai tartsatsi. Ana goge farin gishirin da ke taruwa a kai da burushin ƙarfe, a zura jan zobe, a ɗaure, sannan baƙin. Zoben a bayan noti yake zama, ba a cusa shi tsakanin kan dalma da maƙalarsa ba, don hakan yana rage wa kik hanya. Fiyus ne ƙarshen abin da ake mayarwa.

Injiniya: Ƙarin gyara kan baƙin zoben, Oga. Sababbin motoci da yawa, musamman masu kashe inji da kansu a danja, suna da 'yar na'ura a kan baƙin kai wadda ke ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita. Idan aka ɗaura zoben kai tsaye a kan batir aka tsallake na'urar, cajin zai shiga ba ta gani ba, sai kwamfutar mota ta ci gaba da ɗaukar batir a matsayin mai rauni. A irin waɗannan, baƙin zobe a jikin mota ake ɗaure shi, a kan noti mai tsabta wanda aka kankare fentinsa.

Mai Sola: Ina da jan kunne kan bakin kansa. Wanda ya fi yawa shi ne mai ƙafa biyu da ake kira SAE: ƙafa ɗaya tsirara, ɗaya a lulluɓe cikin roba. A ɓangaren batir, lulluɓaɓɓiyar ce dole ta zama ja, don kada tsirarar ta taɓa ƙarfe da wuta a jikinta. Matsalar ita ce wasu faifan sola da wasu cajoji suna zuwa da nasu a juye, kuma bakin zai shiga lafiya lau ba gardama. Launin waya ba shaida ba ne. A ɗora mitar auna wuta a gani kafin a jona. Sannan faifan da aka rubuta wa 12V yana iya ba da kusan 20V ko fiye idan babu kaya a kansa, don haka sai da kwantirola, na'urar da ke daidaita wutar caji, a tsakani.

Mai neman wanda zai ɗauki wuta da yawa, ga bakin da ake kira Anderson, akwai mai amfiya 50, akwai na 175 da na 350. Shi ba ya shiga a juye, kuma mai toka-toka ba ya shiga cikin ja. Wannan ban ga ya shiga sahun jela ba, a bar shi da sunansa.

Mai Fassara: Na rubuta. Saura ɗaya: cajar da ake barin ta a jone wata da watanni, maintainer. "Cajar ɗigo" za mu ce?

Injiniya: A'a, ɗigo wata ce daban. Ita ɗigo tana tura 'yar wuta ba tsayawa, ko batir ya cika, har ruwansa ya ƙafe. Wadda kake nufi tana kai batir wajen 14.4V, in ya cika ta sauko kusan 13.6V ko ta dakata tana dubawa. Amfaninta a fili yake. Motar da ke ajiye tana shan miliamfiya 20 zuwa 50 don agogo da ƙararrawa da kwamfuta. A kan 50, amfiya-awa 1.2 ke nan a yini, 36 a wata, fiye da rabin abin da batir mai amfiya-awa 60 ke riƙewa. Cikakken batir da ya huta yana nuna 12.6V zuwa sama. Idan ya daɗe ƙasa da 12.4V, gishirin dalma yana taurara a kan farantansa, ƙarfin da ya tafi ba ya dawowa duka. Zafin bazara kuma yana ƙara saurin zubar cajin.

Malamin Hausa: To wannan ai raino take yi: ta ba shi in yana buƙata, ta ƙyale shi in ya ƙoshi. "Cajar raino".

Mai Wayarin: Wannan kam za ta shiga gareji. Abin da ya rage shi ne hanyar da jelar za ta bi. A nisanta ta daga salansa da fanka da bel, a ɗaure ta da maɗaurin roba duk bayan taƙi ɗaya. Inda za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba a ramin, kada a matse ta a bakin bonet ko ƙofa. Bakin ya kalli ƙasa, murfinsa a rufe, don ruwan damina da ƙurar hunturu su ne ke sa ƙafafun su yi kore, a ɗan shafa musu girishin silikon. Bayan an gama a ɗora mita a bakin: abin da ta nuna a kan batir shi ya kamata ta nuna a can. In sifili ta nuna, a fara duba fiyus.