Ajin koyon rubutun barkwanci: me ake samu a ciki?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Tambayata ga masu rubutun wasan kwaikwayo ce. Matasa masu ɗaukar gajerun bidiyo da waya a Kano sun yi yawa, kuma ana ta ba su shawarar su shiga ajin koyon rubutun barkwanci. Mu kuwa abin da muka taso muka ji shi ne ban dariya baiwa ce, wanda Allah ya ba shi ya ba shi. To me ake koyarwa a aji wanda mutum ba zai tsinta a majalisar unguwa ba? Kuma ta yaya za a gane ajin da ya cancanci a biya masa kuɗi?

Mai Alƙalami:
Wa'alaikumus salam. Malam Ɗan Fagge, baiwa gaskiya ce, amma ko a gargajiyance sai an koya. Yaron da ke fita tashe daga goma ga azumi a wajen yayyensa ya koyi waƙa da amshi da inda ake dakatawa. 'Yan kama da ke ɗaukar karin waƙar wani su cusa mata tuwo da miya, su ma da ƙa'idarsu. Aji yana tattaro irin waɗannan ƙa'idoji ne ya sa su a takarda.

Abu na farko da ake koya shi ne kowace raha kashi biyu ce: shimfiɗa da sara. Shimfiɗa tana sa mai kallo ya zaci abu kaza, sara kuma tana karya zaton. Ga misali. Ana saura kwana uku Sallah, Alhaji ya je wajen tela. Tela ya ce, "An gama, saura guga." Washegari ya koma, tela ya ce, "An gama, saura maɓalli." Ranar jajibere ya sake komawa, tela ya dube shi ya ce, "Alhaji, an gama komai. Saura yanka."

Duba abubuwa uku a nan. Zuwan Alhaji sau uku ne: na farko ya kafa hanya, na biyu ya tabbatar da ita, na uku ya karya ta. In ka yi biyu, zato bai kafu ba. In ka yi biyar, mai kallo ya riga ka zuwa ƙarshe. Sannan kalmar da ke ɗauke da dariyar, wato "yanka", ita ce ta ƙarshe a bakin tela. Sabon marubuci zai rubuta, "Saura yanka kawai, ka san yadda aikin Sallah yake, yarana ma biyu ba su zo ba." Dariyar ta taso, maganar da ta biyo baya ta danne ta, domin mutane za su yi shiru don kar su rasa abin da ake faɗa. Abu na uku, tela bai san yana ba da dariya ba. Da gaske yake, so yake Alhaji ya tafi ba tare da ya karɓe yadinsa ba. Duk ɗan wasan da ba ka ba shi abin da yake nema a cikin fitowa (wato kashi ɗaya na wasan) ba, sai ya koma zare ido da ihu.

Wannan shi ne ciwon yawancin camama, wato finafinan barkwanci na Hausa. Darakta ya bayyana fitowa da baki, 'yan wasa su cika sauran daga kansu. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, yana iya riƙe fitowa da kansa a haka, amma irinsa ba su da yawa. In aka ba matsakaicin ɗan wasa wannan dama, fitowar minti biyu sai ta zama minti takwas, dariyar kuma ɗaya ce tak. Rubutu ke maganin wannan. A tsarin rubutun fim da aka saba, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, don haka tun a takarda za ka ga inda ka yi tsawo.

Malama daga Gwale:
Allah ya ƙara basira, Malam Mai Alƙalami. Ni a ganina babbar ribar aji kunnuwa ne. Mutum takwas zuwa goma sha biyu da ba abokanka ba ne, ba kuma sa jin nauyinka. Abokin majalisa zai yi maka dariya don ya san ka, ya san wanda kake kwaikwayo. Baƙo ba ya yi.

Ga yadda zama mai kyau yake gudana. Kowa ya zo da shafi biyu a buge. Ba marubucin ke karantawa ba, a raba wa wasu su karanta da babbar murya, shi kuma ya zauna da biro yana sa alama a gefen takarda duk inda aka yi dariya. Ba ya bayani, ba ya kare kansa. In aka yi layi shida ko bakwai babu alama, nan ne aikin mako mai zuwa. Yawancin gyara yankewa ne: gaisuwar farko mai tsawo, da "ina gajiya, ina iyali", a cire ta, sai in ita gaisuwar ce abin dariyar. Bidiyon waya na daƙiƙa 60 zuwa 90 ba shi da wurin gaisuwa.

Karatu da murya yana da wani muhimmanci na daban a Hausa. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. "Gari" na zama da "gari" na tuwo iri ɗaya suke a takarda. Haka "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala. Marubuci zai ga kalmomin sun yi daidai a shafi, ya gina raha a kansu, ɗan wasa ya furta, kunnen Bakano ya ji kalmomi biyu mabambanta, rahar ta mutu. Ba za ta yi aiki ba sai in wanda ya rikita su baƙo ne ko kurma-kurma, kuma dole a rubuta hakan a cikin labarin. Shi ya sa ajin da ake yi ta saƙon rubutu kaɗai, babu murya, ya rage rabin amfaninsa.

Akwai kuma juya karin magana. Ka fara da rabin da kowa ya sani, ka ƙarasa da abin da ba a zata ba. Shimfiɗar kyauta ce, tuni tana kan mai sauraro. Sharaɗin shi ne karin maganar ta zama sananniya sosai, in ba haka ba babu zaton da za a karya.

Baban Sadiya:
Na yarda da ku, amma kar a ɗora wa aji abin da ba zai iya ɗauka ba. Aji ba ya ba ka abin rubutawa. Wannan sai a Kantin Kwari wajen ciniki, a cikin adaidaita sahu lokacin da canji ya gagara, a layin famfo, a gidan biki. Ɗalibi ya riƙe ƙaramin littafi, kullum ya rubuta magana uku da ya ji da kunnensa, yadda aka faɗe su, ba tare da gyara ba. In babu wannan, za a fito da matasa goma masu tsari iri ɗaya, kowa da telansa.

Abin da na fi so malami ya tsaya a kai shi ne iyaka. Muna da wasa tsakanin taubasai, da jika da kaka, da Fulani da Barebari, da Kanawa da Zagezagi. Wannan wasa yana tafiya ne saboda ɓangarorin biyu sun yarda, kuma kowa yana da damar ramawa. Da zarar ka ɗauka da waya ka sa a Facebook ko TikTok, masu kallo ba su cikin wannan yarjejeniya. Don haka a rubuce, wanda aka tsokana ya samu ramuwarsa a cikin fitowar. Nakasa, da addini, da sunan mutum na gaske, malamin kirki zai nuna maka yadda za ka kauce musu ba tare da ka rasa dariyar ba: ka soki hali, ka ƙirƙiri mai halin.

Wannan ba maganar ladabi ce kaɗai ba. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano tana nan tun 2001. A watan Nuwamba na 2022 kuma wata kotun majistare a Kano ta yanke wa matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30, bisa ɓata sunan gwamnan wancan lokaci. Layin da zai jawo irin wannan a takarda ya fi sauƙin gogewa.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura ta biyun: yaya ake tantance ajin kafin a biya?

Mai Alƙalami:
Ka nemi a bar ka ka zauna zama ɗaya tukuna. Ka lura da wanda ya fi magana. In malami ne ya cinye awa biyun yana ba da labarin lokeshin da jaruman da ya sani, ka riƙe kuɗinka. Ya kamata fiye da rabin lokacin ya tafi a karanta aikin ɗalibai. Ka nemi ya nuna maka rubutunsa guda ɗaya da aka ɗauka, ka gwada takardar da abin da ya fito a allo. Ka tambayi yawan ɗalibai, domin in sun haura goma sha biyar ba za a karanta na kowa a zama ɗaya ba. Ka kuma tambaya ko ana sake rubuta aiki ɗaya sau biyu ko uku, ko kuwa kowane mako sabo ake kawowa. Na farkon shi ake nema.

Mai son karatu mai zurfi, akwai sashen wasan kwaikwayo a Jami'ar Bayero, akwai kuma makarantar koyon fim ta ƙasa a Jos. Wanda aljihunsa bai kai ko ɗaya ba, su haɗu mutum shida a zaure ranar Asabar bayan la'asar, kowa da shafi biyunsa da biro, su bi tsarin da Malama ta zayyana. Su gayyato mutum ɗaya wanda ba ya rubutu kuma bai san su sosai ba, ya zauna ya saurara kawai.